Moɗa Mai Jan Zare

Da daminar bana Malama Rifkatu ta cika shekara goma a ƙasa. Ni ce Dije mai kunu ta bakin tashar jirgin ƙasa a Kafanchan. Ban yi boko ba, allo ma ban yi nisa ba. Abin da kuke karantawa bakina ne, hannun 'yata Binta. Na ce mata kada ta gyara mini magana, kada ta sa mata gishiri. Ba yabon mamaciya na zo yi ba, masu yabo sun yi nasu a coci ranar da aka binne ta. Akwai abin da na yi mata wanda ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ya kawo ni.

Malama mutuniyar Fadan Kaje ce, Kirista, tana koyar da Hausa a firamare. Idan na ce mata Bakajiya sai ta ce, "Bajju muke kiran kanmu, Maman Binta, amma ci gaba." Gajeriya ce, baƙa, mai saurin tafiya kamar wadda ta bar tukunya a wuta. Hausa ba harshen uwarta ba ne, amma ta fi ni iya ta nesa ba kusa ba. Kullum in an tashi daga makaranta sai ta biyo ta rumfata, hannunta fari fat da alli, ta sha kunun zaƙi mai citta da yawa. Ita ta matsa mini har na sa Binta a makaranta. Shekara takwas muna haka.

A rumfata akwai moɗa shida a cikin daro, ta bakwai kuma tana rataye a ƙusa ita kaɗai, da jan zare ɗaure a mariƙinta. Wannan ita ce ta waɗanda ba Musulmi ba. Ba a wanke ta a ruwa ɗaya da sauran. Ba wanda yake faɗa da baki, amma kowa ya san moɗarsa: ma'aikatan reluwe 'yan kudu, matan ƙauye masu kawo citta da itace, da Malama. A wurin uwata na gaji rumfar, da moɗar, da zaren. Ban taɓa tambayar dalili ba, kamar yadda mutum ba ya tambayar dalilin da ya sa ake cin tuwo da hannun dama.

Wata rana ciniki ya yi sanyi, ta zo da wani tsohon littafi da bangonsa ya yage. Ta ce littafin karatu ne tun na zamanin Turawa, malaman birni suka ba da labaran, wani Bature ya tara, kuma har lokacin da shi ake koyar da yara.

"Zauna in karanta miki wani abu," in ji ta.

Labarin wani mutumin dutse ne, arne littafin ya kira shi, wanda ya sauko birni sayar da zuma. Ƙishirwa ta kama shi, ya roƙi ruwa a wani gida, aka zuba masa a sakainar da kaji ke sha. Shi kuwa ya ɗauka girmama shi aka yi, tunda an ware masa abin sha shi kaɗai. Ya yi ta godiya, har ya roƙa a ba shi sakainar ya kai gida ya nuna wa danginsa. Malama ta iya karatu, tana canza murya. Na yi dariya har da hawaye. Ta bar ni na gama, sannan ta ɗaga moɗar da ke hannunta ta dubi zaren.

"Tawa ta fi tasa kyau. Ta silba ce."

"Malama, ba ni na ɗaura ba. Gada na yi."

"Na sani. Shi ma mai littafin gada ya yi."

Ta lashi yatsa ta buɗe gaba. Wannan karon labarin ɗan attajiri ne da ya ga wata kyakkyawar yarinya a bakin rijiya ya ce sai ita. Wani tsoho mai hikima ya ce masa ya tsaya ya lura: duk inda ta zauna ƙudaje na bin ta, ko da daga wanka ta fito. Aka bincika, ashe 'yar mahauta ce. Labarin ya ƙare da cewa asali ba ya ɓuya, yaro ya gode wa tsoho da ya cece shi.

Ni 'yar mahauta ce. Ubana mahauci, kakana mahauci. Ina budurwa akwai wanda ya so ni, iyayensa suka ce ba su haɗa jini da masu wuƙa. Malama ta san wannan, ni na faɗa mata.

"Ya ba ki yi dariya ba?" in ji ta. "Ai Hausar wannan ta fi ta farkon daɗi."

Ta nuna mini inda labarai da yawa suka ƙare da cewa wanda ya bi shawarar mace ya shiga uku. Sannan ta koma farkon littafin, inda Baturen ya yi nasa bayanin da Turanci, ta juya mini shi da Hausa. Ya jera mutane kamar matakalar tsani. Irinsa a sama. Sai masu hasken fata da dogon hanci, ya ce su suka dace da mulki. Sai Hausawa 'yan kasuwa, masu wayo amma ba a ba su amana. Mutanen dutse a can ƙasa. Malaman da suka ba shi labaran ma, cewa ya yi hankalinsu kamar na yara ne. Ta rufe littafin ta ce, "Kowa da shafinsa a ciki, Maman Binta. Sai dai kowa shafin wani yake yi wa dariya." Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ashe raini ma haka yake.

Na ce ta ƙona shi mana. Ta ƙi. Ta ce da wannan littafin ta koyi Hausa, tana son sa, akwai magana a ciki mai daɗi kamar zuma, kuma ƙona shi ba zai ƙona abin da ke cikin kan mutane ba. Abin da take yi a aji shi ne ta karanta labarin yadda yake, yara su yi dariya. Sai ta sake karantawa, ta mayar da mai zumar Bahaushe da ya hau dutse aka ba shi ruwa a sakaina. Sai ta tsaya ta ga wa ke dariya yanzu, wa ya sunkuyar da kai, ta tambaye su me ya canza. Wannan ya jawo mata magana ta gefe biyu. Iyayen Hausawa suka kai ƙara cewa tana zagin su. Wasu mutanen cocinsu suka ce don me ma take taɓa littafin da ya kira kakanninsu dabbobi. An ja mata kunne, ba ta daina ba.

A ranar ce ta roƙe ni, sau ɗaya tak. "Ki kwance zaren nan."

Na ce alhazan kasuwa za su gudu. Mijina ya mutu, ina da 'ya'ya uku, kunun nan ne cinmu da suturarmu, kuma ga wata mai kunu a tsallaken titi tana jiran in yi kuskure. Ta gyaɗa kai. Ba ta sake tayar da maganar ba. Kashegari ta zo, da kanta ta miƙa hannu ta sauke moɗar daga ƙusa.

Sai shekarar tamanin da bakwai ta zo da rikicin addinin da kowa ya sani. Ba zan ba da labarinsa ba, waɗanda suka gani ba su bukata, waɗanda ba su gani ba ba za su gane ba. Da rana tsaka abin ya iso gefenmu. 'Ya'yana maza biyu suna Zangon Kataf wurin ƙanena Garba, ni da Binta ne a rumfa. Muna tsaye ba mu san inda za mu nufa ba sai ga Malama a guje. Ta kwance zanenta na zumuntar mata, irin wanda matan coci ke ɗaurawa, ta yafa mini, ta kama hannun Binta, ta ce duk wanda ya yi magana in yi shiru ita za ta amsa. Haka muka ratsa mutane har gidanta. Ta sa mu a ɗakin ajiya, bayan buhunan acca. Kwana uku muka yi.

Famfo ba ya kawowa, rijiya tana waje, ba mai iya fita. Ruwan da ya rage a gidan bokiti ɗaya ne, ga ta, ga mu, ga tsohuwar uwarta. A rana ta biyu da azahar ta shigo da bokitin da kofi ɗaya. Ta ɗiba ta ba uwarta, ta sha ita ma, ta miƙo mini. Maƙogwarona ya bushe kamar ƙirgi. Na karɓi kofin, na ɗebi ruwa, na ɗauraye na zubar. Na sake. Na sake na uku. Wallahi ban yi shawara da zuciyata ba, hannuna ne ya yi abin da ya saba. Sai da na ɗago na ga tana kallon ruwan da ke bin ƙasa.

"Maman Binta," in ji ta, a hankali, "ruwan ya yi ƙaranci. Sau ɗaya ya isa."

Shi ke nan abin da ta ce. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Matar da ta sa ranta a kan nawa, a cikin ɗakinta, da zanenta a jikina, na wanke bakinta daga kofinta sau uku.

Da gari ya lafa na koma rumfa. An ƙona benci da rufin, amma moɗar tana nan a cikin toka, zaren ma bai ci ba. Na mayar da ita ƙusa, na yi niyyar kwance shi. Na ce bari dai hankalin mutane ya kwanta, yanzu kowa a tsorace yake, kowa na lura da wanda ke sha da wa. Ranar da Malama ta fara dawowa, hannuna ya tafi cikin daro zai ɗauko mata irin ta kowa. Akwai dattawan kasuwa biyu a kan benci, suna kallo. Hannun ya tsaya. Ta gani. Ta ce, "Bari, na saba da tawa," ta sauke ta da kanta. Na bar ta. Na ce gobe. Goben ta yi ta tafiya har daminar shekarar da ta biyo, hawan jini ya kayar da ita a aji, kwana huɗu ta cika. Da-na-sani ƙeya ce.

Na je jana'izar a Fadan Kaje, na tsaya a wajen coci ina jin waƙarsu. Bayan kwanaki ƙanenta ya kawo littafin nan, ya ce ta bar wasiyya a ba Binta. Da na dawo daga jana'izar na cire moɗar daga ƙusa na jefa ta ƙasan akwati. Kowa ya zo, daga daro ɗaya. Wasu sun yi gunaguni, wasu sun koma tsallaken titi, rabinsu suka dawo saboda mai kunun can ba ta iya sa citta ba. Sama ba ta faɗo ba. Ban kwana da yunwa ba ko sau ɗaya. Wannan ya fi komai ci mini rai: abin da na hana ta shekara da shekaru, ashe bai fi ƙarfina ba.

Da a nan labarin ya tsaya da na ce na yi hankali. Bai tsaya ba. Shekara huɗu bayan mutuwarta rikicin Zangon Kataf ya ɓarke. Ƙanena Garba mahauci ne a kasuwar can. Ban ga gawarsa ba, ba a nuna mini kabarinsa ba. Yarana Allah ya sa sun riga sun dawo gabana. Da aka gama zaman makoki na buɗe akwati, na ɗauko moɗar, na sayi sabon jan zare na ɗaura, na ƙulle shi tam, na mayar da ita ƙusa. Wannan karon ba gada na yi ba. Ni na ɗaura, ina sane, kuma na ji daɗin ɗaurawar. Ku rubuta haka.

Sai dai ba ta samu masu sha ba. Garin ya riga ya rabu. Matan citta sun koma sayen kunu wurin nasu, ma'aikatan reluwe sun ragu tunda jirgi sai ya ga dama yake zuwa. Moɗar ta yi shekara shida a rataye, gizo-gizo ya yi gida a ciki.

Ina yawan tambayar kaina me Malama za ta ce da ta ga Kafanchan ta yau. Littafin nan yana nan, an sake buga shi da sabon bango mai kala, labaran ba a taɓa su ba. Binta ta zama malama, ita ma shi take koyarwa. Na tambaye ta yadda take yi da labarin mai zuma. Ta ce tsallake shi take yi, da na 'yar mahauta, don yanzu in ka karanta irin wannan a aji, kafin la'asar magana ta kai masallaci da coci. Ban ga laifinta ba. Amma na san Malama za ta ce tsallake shafi ba ya goge shi, kamar rufe miki ne da zane. Kuma yaran yanzu ba su ma bukatar littafi. A gidajenmu ana gaya musu mutumin ƙauye ba ya da imani, giya da gaba kawai ya sani. A gidajensu ana gaya wa nasu Bahaushe baƙo ne maci amana, yana dariya da wuƙa a ƙarƙashin riga. Kowane gefe yana da gawar da zai nuna a matsayin hujja. Ni ma ina da tawa. Tsohon littafin a ƙalla yana da bango, ana iya buɗe shi a yi gardama da shi. Wanda ake karantawa a bakin murhu ba shi da shafin da za a juya.

Da watan cikarta shekara goma ya kama, na shiga mota na tafi Fadan Kaje. Rabona da can tun jana'iza. Ƙanenta ba ya nan, matarsa na tarar. Ta gane ni. Ita ma ta rasa ɗanta na fari a rikicin da ya ci Garba, wannan a hanya aka gaya mini. Ta gaishe ni da mutunci, ta ba ni kujera, ta raka ni kabarin. Ciyawa ta rufe shi, muka tuge tare. Da muka dawo rana ta yi zafi, na roƙi ruwa. Ga kofuna a kife a kan tire kusa da randa. Ta wuce su, ta je kan katanga ta ɗauko wani na roba da ya koɗe, ta zuba mini.

"Ka yi haƙuri, Mama, ruwa namu ba sanyi," in ji ta da gurguwar Hausarta.

Na karɓa na sha. Da na miƙa mata, ta zuba masa toka ta cuɗa, ta ɗauraye, ta mayar da shi kan katanga shi kaɗai. Ba ta yi don in gani ba. Hannunta ne ya yi abin da ya saba, na san irin wannan hannun. Ruwan ba abin da ya same shi, amma har na iso Kafanchan yana tsaye a ƙirjina. Sau ɗaya ke nan aka yi mini. Malama ta sha irinsa kullum, shekara takwas, daga hannun wadda take kira ƙawarta, ta kuma biya kuɗin kunun.

An ce wanda ya ɗaure kura shi ya san yadda zai kwance ta. Kashegari na sauke moɗar, na kori gizo-gizon, na wanke ta. Na ɗauko wuƙa zan yanke zaren, sai na fasa. In na yanke, ta ɓace cikin 'yan'uwanta, ni ma in manta, in ce ban taɓa yi ba. Na jefa ta cikin daro da zarenta. Wadda hannu ya kama ita ake ba mutum, ko wane ne. Da safe da ita nake fara sha, a gaban kowa.

A satin farko ta faɗa kan wani dattijo mai sayar da goro, wanda tun zamanin uwata yake shan kunun rumfar nan. Ya dubi zaren, ya dube ni.

"Dije, wannan ba ta arna ba ce?"

"Ta Malama Rifkatu ce, Alhaji. Yanzu tawa ce."

"Canza mini."

"Babu wata."

Ga shida a daro yana gani. Ya ajiye ta a benci, ya kaɗe rigarsa ya tsallaka titi. Bai dawo ba har yau, kuma ya tafi da mutum uku. Ba zan ce ban ji ba, shekaruna sun ja, ciniki ba kamar da ba.

Me ya rage na Malama? Ba yawa. Ba ta haihu ba, ba a sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Yaran da ta karanta wa labari sau biyu sun girma, kuma ban isa in rantse cewa babu waɗanda suka ɗauki adda a cikinsu ba, ta kowane gefe. Akwai tsohon littafi a akwatin Binta. Na ce mata ta daina tsallake shafin, ta karanta shi sau biyu yadda aka yi mata. Ta ce za ta yi tunani, tana da yara ƙanana. Ban matsa ba, na san wannan amsar, ni na fara ba da ita.

Garba bai dawo ba, kuma ban ce na yafe ba, kada a rubuta abin da ban faɗa ba. Na dai gane cewa wadda ta yafa mini zanenta ba ta cikin waɗanda suka kashe shi, kuma ita na hukunta da sabon zaren, tana kwance a ƙasa. Ban san yadda ake neman gafarar wanda ya mutu a wani addini ba. Na tambayi wani malami, ya yi ta kewaye-kewaye. Saboda haka abin da na iya nake yi. Kullum in na tashi daga kasuwa ina haɗa moɗa bakwai a ruwa ɗaya. Ta ce sau ɗaya ya isa. Sau ɗaya nake wankewa.